Aika gyara ga masu kula da Linux: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake cewa kowane faci ya ɗauki gyara ɗaya tak?

Faci shi ne rubutun sauyin da kake aika wa masu kula da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ana faɗin haka ne saboda ranar da abu zai lalace. Git, kayan aikin adana tarihin sauye-sauye da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta a 2005, yana da umarnin git bisect: ana raba tarihin sauye-sauye gida biyu, a gwada, a sake rabawa, har a cafke facin da ya jawo ɓarnar. In ka cusa gyara biyar a faci ɗaya, an gano gidan ɓarawo ke nan amma ba a san ɗakinsa ba. Don haka ma ake son kowane faci a jerin da ka aika ya bar manhajar tana aiki.

Me zan rubuta a bayanin facin?

Layin farko gajere, kada ya wuce haruffa 70 zuwa 75, ya fara da sunan ɓangaren da ka taɓa. Ka bar layi ɗaya, sannan ka faɗi matsalar: me ke faruwa, wa take shafa, me ya sa ka zaɓi wannan hanya. Abin da ka canza ai kowa na gani a facin. Dalilin ne ba ya fitowa sai ka rubuta shi, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin rowar magana. Sai ka ga mutum ya rubuta "an gyara kuskure" ya yi shiru. Wane kuskure? Wanda zai buɗe tarihin bayan shekara goma ba zai same ka ya tambaya ba. Idan wani tsohon faci ne ya kawo kuskuren, sa layin Fixes: da aƙalla haruffa 12 na farkon lambar shaidar da Git ya ba shi.

Mene ne Signed-off-by?

Layin sa hannu ne da kake sawa a ƙarshen bayanin facin, an fara shi a 2004. Kana shaida cewa aikinka ne, ko kana da ikon miƙa shi ƙarƙashin lasisin manhajar. Sunanka da imel ɗinka za su zauna a tarihin dindindin.

Ina ake aikawa?

Ta imel, rubutu zalla, ba a maƙala fayil. Akwai ƙananan kayan aiki biyu da ke tare da lambobin Linux: get_maintainer.pl zai nuna maka waɗanda za ka tura wa, checkpatch.pl ya duba tsarin rubutun.

Na aika, shiru kake ji.

Jira aƙalla mako ɗaya kafin ka tuntuɓa, ka ƙara haƙuri in ya faɗo cikin makonni biyun da Torvalds ke karɓar manyan sauye-sauye a farkon shirya kowane sabon fitowar Linux. In an ce ka gyara, sake turawa da alamar v2, wato turawa ta biyu, ka lissafa abin da ya canza a ƙarƙashin layin "---", domin abin da ke wurin ba ya shiga tarihi.