Jim Simons

James Harris Simons (25 ga Afrilu 1938 – 10 ga Mayu 2024) masanin lissafi ne ɗan Amurka, wanda ya kafa kamfanin zuba jari na Renaissance Technologies. Yana cikin na farko da suka bar wa lissafi da kwamfuta hukuncin saye da sayarwa a kasuwannin kuɗi.

Karatu da lissafi

An haife shi a jihar Massachusetts. Ya yi digirin farko a jami'ar MIT a 1958, sai digirin digirgir a jami'ar Berkeley a 1961 a hannun Bertram Kostant, yana ɗan shekara 23. Daga 1964 ya yi aikin warware saƙonnin sirri a cibiyar nazarin tsaro ta IDA da ke Princeton, har aka sallame shi saboda ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam. A 1968 ya zama shugaban sashen lissafi a Jami'ar Stony Brook.

Fanninsa jiyometiri ne. Maƙalarsa ta 1968 ta yi nazarin shimfiɗa mafi ƙarancin faɗi da za ta iya cike wata iyaka, kamar fatar kumfar sabulu a zoben waya. Aikin ya nuna irin wannan shimfiɗa sumul take har a sarari mai ma'auni bakwai (sararin da muka sani uku gare shi: tsawo, faɗi da tsayi), a na takwas kuwa ya kawo misalin wadda ke da tsini. A 1974 shi da Shiing-Shen Chern suka fitar da ka'idar lissafi da ake kira Chern–Simons, wadda masana fizis suka rungume daga baya. Ya karɓi lambar yabo ta Veblen a fannin jiyometiri a 1976.

Kasuwa

A 1978 ya bar jami'a ya buɗe kamfanin Monemetrics, wanda ya koma Renaissance a 1982. Da farko cinikin kuɗaɗen ƙasashe ya dogara sosai da hasashen mutum, riba yau, asara gobe. Medallion, asusun zuba jari na kamfanin, ya fara a 1988, ya yi asara a 1989, sai masanin lissafi Elwyn Berlekamp ya sauya tsarin zuwa ciniki mai yawa na gajeren lokaci.

Dabarar ita ce a tara tsofaffin bayanan farashi, a tace kurakuransu, a nemo ɗan salon da ke maimaituwa. Cinikin da ke cin riba ya ɗan haura rabi ne kawai, yawansa ke tara dukiyar. Matsala biyu ke kashe irin wannan tsari: salon da ya bayyana bisa katari, da kuma babban odan da ke motsa farashi kafin a gama saye. Shi ya sa aka taƙaita girman asusun, aka daina karɓar kuɗin bare tun 1993. A shekarar ne Peter Brown da Robert Mercer suka zo daga kamfanin kwamfuta na IBM, inda suke aikin koya wa kwamfuta gane magana.

An ƙiyasta ribar Medallion daga 1988 zuwa 2018 da kusan kashi 66 cikin ɗari a shekara, kashi 39 bayan cire kuɗin hidima. A 2021 shugabannin kamfanin suka amince su biya hukumar haraji kimanin dala biliyan 7 don kashe wata taƙaddama.

Ayyukan alheri

Shi da matarsa Marilyn sun kafa Gidauniyar Simons a 1994, mai tallafa wa binciken lissafi da kimiyya. A 2023 gidauniyar ta yi wa Stony Brook kyautar dala miliyan 500. Ya rasu a New York yana da shekara 86.