Ƙugiyar ja da ƙarfin jan tirela a jif mai lantarki

Ƙugiyar ja ita ce ƙarfen da ake ɗaurawa a bayan mota, ƙarƙashin bamba, domin a maƙala mata ƙaramar tirela, ko tankin ruwa mai taya, ko janareta, ko akwatin ɗaukar doki. Ƙarfin ja kuwa shi ne iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera motar ya amince ta ja. A jif mai lantarki ƙarfin inji ba shi ne abin damuwa ba, don yana nan har ya yi yawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne lambar da kamfani ya rubuta wa motar, da irin ƙugiyar da aka ɗaura mata, da nisan da batir zai kai idan kaya na biye.

Me ya sa take da ƙarfin ja

Injin fetur sai ya ɗau zafi, an ba shi wuta, an sauya giya, sannan ƙarfinsa ya fito. Injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfin juyinsa tun daga tsaye, da an taka totur. Ga shi batirin yana shimfiɗe a ƙasan motar, yana da nauyin ɗaruruwan kilo, saboda haka motar takan zauna daram a kan titi, tirela ba ta saurin karkaɗa ta. A watan Mayun 2018 wata Tesla Model X ta ja jirgin sama ƙirar Boeing 787-9 na kamfanin Qantas, mai nauyin tan 130, na kusan mita 300 a filin jirgin Melbourne da ke Ostareliya. Talla ce, kuma a shimfiɗaɗɗen fili aka yi ta a hankali. Ita wannan motar, abin da aka halatta mata a kan hanya bai wuce kilo 2,250 ba a Turai.

Tazarar da ke tsakanin tan 130 da kilo 2,250 ta samo asali ne daga abin da ake gwadawa kafin a ba mota lamba: ko birkinta zai tsayar da ita da kayan a gangare, ko batir da inji za su jure hawa mai tsawo cikin zafi, ko ƙashin bayanta zai ɗauki fizga da jijjiga shekara da shekaru. A Amurka ana bin ƙa'idar SAE J2807, wadda ta ƙunshi hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona cikin tsananin zafi da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. A Turai ƙugiyar kanta sai ta cika sharuɗɗan doka ta 55 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kayan haɗa mota da tirela.

Wace ce ke ja, nawa take ja

Rivian R1S tana cikin na sahun gaba, da fam 7,700, wato kusan kilo 3,500. BMW iX ta kasuwar Turai tana jan kilo 2,500, haka ma Kia EV9 mai jan ƙafa huɗu. Audi e-tron da Mercedes EQC suna tsayawa a 1,800. Tesla Model Y tana jan 1,600 a Turai, fam 3,500 a Amurka, kuma Hyundai Ioniq 5 mai babban batir ita ma 1,600 ce a Turai. Volkswagen ID.4 ta fito da 1,000 a mai jan baya, 1,200 a mai jan ƙafa huɗu. Jaguar I-Pace, duk tsadarta da gudunta, kilo 750 aka yanka mata, kuma da wannan lambar Toyota bZ4X ta fara shiga Turai. Duk lambar da ta haura 750 ta tirela ce mai birkin kanta. Mara birki a Turai ba ta wuce kilo 750, komai girman motar.

Sunan mota kaɗai ba ya isa. Ford Mustang Mach-E ta fito a Amurka ba tare da izinin jan tirela ba, alhali wadda aka sayar a Turai tana da shi. Hyundai Kona mai lantarki ta farko, irin wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas a 2020, ta shigo kasuwa ba ta da lambar ja. Wannan ya shafi mai saye a Zariya kai-tsaye, domin motocin da ke zuwa hannun dillalai daga wurare uku suke: Amurka, Turai da Sin. Sai ka ga mota biyu a jere, fenti ɗaya, suna ɗaya, takardunsu sun sha bamban. A Sin ma sai a watan Afrilun 2022 aka fito da lasisin C6 na masu jan ƙaramar tirela, shi ya sa ƙugiya ba abin da aka saba gani ba ce a motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gidansu.

Motar Turai tana ɗauke da amsar a jikinta. A ƙaramin farantin da ke gefen ƙofa ko ƙarƙashin bonet, bayan lambar shasi, layi na farko shi ne iyakar nauyin motar da lodinta, na biyu kuma na mota da tirela a haɗe. Idan aka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da za ta ja. In layi na biyu wayam yake, to ba a yi ta don ja ba. Ta Amurka kuwa sai an buɗe littafin mai mota.

Ire-iren ƙugiya

Ta Turai wuya ce mai lanƙwasa da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 50 a kai. Wata a kafe take, wata ana cire ta da makulli a ajiye a but, wata kuma maɓalli ake dannawa ta leƙo daga ƙarƙashin bamba. Ta Amurka rami ce mai kusurwa huɗu, galibi inci 2, da ake zura sandar ƙwallo a ciki a soke da fil. An kasa ta aji-aji: na ɗaya fam 2,000, na biyu 3,500, na uku 5,000, na huɗu 10,000. Ajin ƙugiya ba ya ɗaga lambar mota. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ake bi.

Ƙwallon inci 2 milimita 50.8 ne, ba 50 ba, akwai kuma ƙarami na inci ɗaya da bakwai bisa takwas wanda bai kai milimita 48 ba. Da ido ba a gane bambancin. Bakin tirelar Turai kan ƙi kullewa sosai a kan babban, a kan ƙaramin kuma ya yi lako-lako, rami ɗaya a hanyar Giwa ya isa ya fitar da shi. Soket ɗin fitilu ma haka: na Turai mai ƙafa 7 ne ko 13, na Amurka mai 4 ko 7, kuma a mai ƙafa 4 waya ɗaya ce ke ɗaukar wutar birki da ta sigina. Birkin tirelar Turai yana kamawa da kansa idan ta turo mota daga baya, na Amurka galibi na lantarki ne da ke buƙatar na'urarsa a cikin mota.

Sai nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙwallo, wanda aka fi mantawa da shi. A motocin Turai yawanci kilo 75 zuwa 100 ne, a Amurka ana lissafa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar. In aka jibge kaya a bayan tirela bakinta ya yi sama, da an ƙara gudu za ta fara wutsiya. In aka tara su gaba, gindin mota ya zauna, sitiyari ya yi sako-sako.

Ƙugiyar mai walda

A Sabon Gari ko Tudun Wada ba a rasa mai walda da zai lanƙwasa ƙarfe ya manna wa Hilux ƙugiya kafin la'asar, kuma ta yi aiki, domin Hilux tana da shasi na ƙarfe mai kauri da bodi ke zaune a kai. Yawancin jif masu lantarki ba haka aka gina su ba. Bodi da ƙashi abu ɗaya ne, wasu da alminiyam, kamar Model Y da aka zuba ƙasan bayanta a matsayin gunduma guda. Kusa da wurin akwai inji, da bututun ruwan sanyaya batir, da wayoyi masu bawo ruwan lemo da ke ɗauke da wuta mai ƙarfin volt 400, a wasu 800. Ƙugiyar asali da noti ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada, tana zuwa da akwatin waya da ke sanar da kwamfutar mota cewa an maƙala tirela, sai ta kashe na'urorin gargaɗin baya, ta shirya maganin karkaɗa, a wasu motocin ta sake lissafin sauran tafiya. Yanke wayar fitilar baya a jona, kamar yadda aka saba, yakan cika gaban mota da fitilun gargaɗi. Kuma da yake motocin Amurka da dama daga gwanjon motocin haɗari suke zuwa, ya kamata a cire bamba a duba ko an taɓa bugun bayan kafin a ɗaura komai.

Nisan tafiya

Nan ne jif mai lantarki ke jin jiki. Litar fetur tana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 9, tankin lita 60 ya haura 500 ke nan, yayin da batirin waɗannan motoci yawanci tsakanin 60 da 100 yake, sai 'yan manya da suka ɗara haka. Abin da ke sa ɗan wannan ya isa shi ne injin lantarki ba ya ɓarna da yawa, kuma an sassaƙa jikin motar yadda iska za ta zame. Tirela mai tsayi tana rushe wannan tsarin. Turjiyar iska tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka tsayi da faɗin kaya da gudun direba sun fi nauyi cin batir a kan babbar hanya. Da doguwar tirela mai rufi, abin da aka saba gani shi ne nisan ya ragu zuwa kusan rabi.

A ɗauki motar da ke yin kilomita 400 ita kaɗai. Da kaya ta koma wajen 200. Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, za ta je ta dawo da ɗan saura. Kano kuwa ta kai wajen 150, za ta isa, amma ba ta juyowa sai ta sha caji a can. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, da wasu a jami'o'in Legas da Nsukka, amma a Arewa mai irin wannan mota da cajin gida ya fi dogara, wato da wutar layinsa ko solarsa. Ko an samu tasha, yawancinsu an gina su ne a shiga da kai ko da baya, dole a kwance tirela a gefe tukuna. Zafin bazara ma yana karɓar rabonsa wajen sanyaya batir.

A gajeren zango lissafin ya fi daɗi. Tirela mai birki da ke da kilo 400 wayam, a bayan mota mai lambar 1,600, za ta ɗauki buhun masara 12 masu kilo 100 daga gona a Shika zuwa Samaru ba tare da batir ya girgiza ba. Tankin ruwa na lita 1,000 kuwa tan guda ne cur kafin a haɗa da ƙarfen da ke ɗauke da shi, ya riga ya wuce duk mota mai lambar 750, ya kuma wuce kowace tirela mara birki. Ruwan da bai cika tanki ba ya fi haɗari, don yana tunkuɗo mota duk sanda aka taka birki. A gangare motar tana mayar da wani ɓangare na wutar cikin batir yayin rage gudu, sai dai in batir ya cika fal wannan ba ya aiki, birkin ƙafa kaɗai ke riƙe da mota da kayanta.

Idan ita ce za a ja

Zoben da ake murɗawa a gaban mota ko bayanta ba ƙugiyar tirela ba ne, na ɗora ta kan motar ɗauka ne. A yawancin motocin lantarki taya a haɗe take da inji ko da an sa giya a firi, kuma injin mai maganaɗisu yana samar da wuta muddin taya na juyawa, abin da kan ƙona na'urar sarrafa wutar. Saboda haka ɗaura igiya a ja ta daga Kwangila zuwa gareji, ko janwe ya ɗaga gefe ɗaya ya bar tayoyin da ke haɗe da inji a ƙasa, littattafan yawancin kamfanoni sun hana. Ana sa ta a yanayin jigila daga allon gaba in tana da shi, a jawo ta a hankali 'yan mitoci zuwa kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya, tayoyi huɗu duka su bar ƙasa.