Daga Wayar Tangaraho Zuwa Inbatar Sola: Waiwaye Kan Kafar Siriyal

Duk wanda ya yi sana'ar ɗaura dish a Katsina a shekarun baya ya san wata 'yar kafa mai fil tara da ke bayan dikoda, musamman ƙirar Strong. Ta nan ake soka kebul a haɗa da kwamfuta a ɗora sabuwar manhaja, idan dikodar ta maƙale a kan tambarinta ta ƙi gaba ta ƙi baya. Masu gyara suna ce mata siriyal, a takarda kuwa RS-232 ne sunanta, kuma ta girmi yawancin masu aiki da ita.

Tushenta wayar tangaraho ce. Jan waya mai nisa kuɗi ne, don haka dole aka koyi aika saƙo ta layi guda, alama na bin alama. A 1874 wani Bafaranshe, Émile Baudot, ya yi rajistar tsarin da ke mayar da kowane harafi alamomi biyar na kunnawa da kashewa, kuma daga sunansa aka samo ma'aunin gudun saƙo, wato baud. Da kwamfuta ta zo aka fara haɗa ta da layin tarho, sai kowane kamfani ya kama nasa salon. A 1960 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar da RS-232 don a daidaita. Gyaran da aka yi mata a 1969 shi ne ya bazu a duniya.

Abin da ya sa ta yi tsawon rai, a ganina, rashin girman kai ne. Waya uku sun wadatar: ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa. Ta aikawar wannan ɓangare ita ke shiga ta karɓar wancan; wanda ya haɗa ta aikawa da ta aikawa zai wuni yana jiran amsa. Babu wayar da ke ba su lokaci tare, sai dai a yi yarjejeniya tun farko kan gudu. Mafi shahara shi ne baud 9600, kowane harafi na tafiya da alamar farawa, bit 8 (alamomin kunnawa da kashewa takwas), sannan alamar tsayawa, wato kusan harafi 960 a daƙiƙa. Idan kwamfuta tana kan 9600 na'urar kuma tana kan 115200, allon zai cika da tarkacen alamomi marasa kan gado, mai gyara ya ɗauka na'urar ce ta mutu, alhali lafiyarta lau.

Asali soket ɗin fil 25 gare shi. IBM ce ta yaɗa mai tara a kwamfutarta ta 1984. Da USB ta fito a 1996 sai kafar ta fara ɓacewa daga kwamfutocin hannu, aka koma sayen kebul mai 'yar aisi (wato ƙaramin guntun lantarki, IC) a ciki da ke fassara tsakanin biyun, irin su FTDI, Prolific da CH340. Jabu ya cika kasuwa, har a 2014 kamfanin FTDI ya saki manhajar da ke hana na jabun aiki, ya janye ta bayan an yi masa ca. Har gobe kebul mai arha da Windows ta ƙi ganewa yana cikin abubuwan da ke ɓata wa masu gyara rana.

A masana'antu kuwa wani reshe ne ya tsiro. RS-232 ba ta wuce kimanin mita 15, kuma na'ura biyu kawai take haɗawa. RS-485 ta 1983 tana kai mita 1,200 da na'ura 32 a kan tagwayen waya, kuma hayaniyar injina ba ta cika rikita ta ba. A kanta Modbus, yaren da na'urorin masana'antu ke magana da juna da shi, wanda kamfanin Modicon ya ƙirƙiro a 1979, ya samu gindin zama.

Ɗaliban injiniya a Katsina da Daura da ke haɗa aikin kammala karatu da Arduino, ɗan allon lantarki da ake ɗora wa manhaja ya sarrafa na'urori, shi ma wannan tsohon yare suke yi, ko da yake ta USB suke soka shi. Akwai tarko a nan: Arduino tsakanin sifiri da bolt 5 yake aiki, RS-232 ta ainihi kuwa tana kai 15 sama ko ƙasa da sifiri. Sai an sa aisi irin MAX232 a tsakani, in ba haka ba Arduino ɗin ya ƙone.

Yanzu sola ce ta dawo da maganar cikin gidaje. Batirin litiyam yana gaya wa inbata yawan cajinsa da zafin jikinsa ta RS-485 ko CAN (wani tsarin siriyal da aka fi sani a motoci), abin da ba na wasa ba ne a watan Afrilu a Katsina. Soket ɗin kamar na kebul ɗin intanet yake, amma jerin wayoyin ciki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sau da yawa sai mai haɗawa ya duba littafin duka biyun ya matse kan kebul da hannunsa. Idan aka bar su ba sa magana, inbatar tana kintatar caji ne daga ƙarfin wuta kawai, shi kuwa na litiyam kusan tsaye yake har sai batirin ya kusa ƙarewa, shi ya sa za ka ga allo na nuna rabi, can tsakar dare fanka ta tsaya.