Halatta Tabar Wiwi: Me Dokar Najeriya Ta Ce, Me Ake Son a Canza?

Duk lokacin da aka ji cewa 'yan majalisa na shirin halatta tabar wiwi, sai hankalin iyaye ya tashi, kuma ba su yi laifi ba. Wanda ya ga yadda yaro ke lalacewa bayan shekara biyu yana zuƙa a kango ba ya bukatar a yi masa bayanin illarta. Amma kafin a kai ga tsinuwa, gara a san abin da ke rubuce.

Dokoki biyu ne suka fi shafar wiwi. Ta farko dokar soja ce ta 1966, wadda ta zo da hukuncin kisa ko ɗaurin aƙalla shekara 21 ga mai noma ta. Ta biyu, wadda aka fi aiki da ita yau, ita ce dokar 1989 da ta kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA. Sashe na 11 ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai nomawa, ko sarrafawa, ko shigowa da ita, ko sayarwa. Wanda aka kama da ita a hannu ko yana sha, shekara 15 zuwa 25. Sashen ya ambaci hodar iblis da makamantanta ne, kotuna kuma suka sa wiwi a cikin makamantan. A aikace alƙalan Babbar Kotun Tarayya kan sassauta sosai, sai dai abin da ke takarda ke nan.

Duk da wannan tsanani, binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano 'yan Najeriya miliyan 10.6 na shan ta.

Kalmar "halattawa" ce ke rikita mutane, domin abubuwa uku take ɗauke da su. Akwai barin baligi ya sha abarsa a gida, kamar yadda kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2018. Akwai barin ta a matsayin haramtacciya amma a daina ɗaure mai sha. Sannan akwai ba da lasisin noma domin magani da masana'antu. A kan wannan na uku mafi yawan masu goyon baya a Najeriya suka tsaya. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya je har Tailan a 2019 don ganin yadda ake yi, da hujjar cewa tun da ana noma ta a ɓoye a dazukan jiharsa, gara a fito da ita fili ta kawo kuɗi da aikin yi. 'Yan majalisa Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun kai ƙudirin ba da irin wannan lasisi Majalisar Wakilai, amma a watan Maris na 2023 aka jingine shi bayan zazzafar muhawara. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, ya daɗe yana adawa da halattawar.

Makwabtanmu na Gana sun bi hanyar lasisi: dokarsu ta 2020 ta yarda a noma nau'in da sinadarin THC mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kotun ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta dawo da shi a 2023. Shan wiwi kuwa har yanzu laifi ne a can.

Ni dai lasisin ne ke ba ni tsoro, ba don ganyen ba shi da amfani a magani ba. Tiramadol da kodin ai halal ne da takardar likita, mun kuma ga yadda suka cika lungunan Kano da Kaduna, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018. Ƙasar da ta kasa tsare kwalba a kemis, da me za ta tsare gona a tsakiyar daji?

Inda nake ganin dokar na bukatar gyara shi ne wajen mai sha, kuma nan ne aka fi yin shiru. Matashi ɗan shekara 19 da aka kama da ƙulli ɗaya asibiti da sana'a yake bukata. Idan aka tura shi gidan yari, cikin dillalai zai zauna, kuma a hannunsu zai koyi yadda ake sayarwa kafin ya fito.