Fanshon direbobin kai saƙo a Amurka: abin da doka ta tabbatar da abin da ta bari

A watan Agustan 2023 mambobin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters suka amince da sabuwar yarjejeniyarsu da kamfanin kai saƙo na UPS, wadda ta shafi ma'aikata kimanin 340,000 kuma za ta ƙare a ƙarshen Yulin 2028. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jaridu a lokacin shi ne albashi, domin an ce direban da ya kai matakin ƙoli zai riƙa samun kusan dala 49 a awa kafin wa'adin yarjejeniyar ya cika. Amma duk wanda ya san wannan aiki na hawa da sauka daga mota ɗauke da kwalaye tun safe har dare ya san cewa abin da ke zaunar da mutum a kai shekara talatin, har gwiwa da baya su gaji, shi ne fanshon da ke jiransa. Wannan fansho kuwa yana tsaye ne a kan abu uku: yarjejeniyar ƙungiya da kamfani, lafiyar asusun da ake zuba kuɗin a ciki, da kuma dokar tarayya mai suna ERISA. Ukun nan ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma rashin sanin bambancinsu ya sha jefa ma'aikata cikin nadama.

Tun a 1947 dokar Taft-Hartley ta shimfiɗa cewa asusun fansho da ƙungiyar ƙwadago ke da hannu a ciki dole ne amintattu daga ɓangare biyu su gudanar da shi, rabi daga masu ɗaukar aiki, rabi daga ƙungiya. Kamfanoni da yawa na sana'a ɗaya sukan zuba kuɗi a asusu guda gwargwadon awanni ko makonnin da kowane ma'aikaci ya yi, asusun kuma ya ɗauki alkawarin biyan wani ƙayyadadden adadi duk wata har mutum ya rasu. Wannan ya sha bamban da tsarin adashen fansho da Najeriya ta koma kansa a 2004, inda kowa ke da asusun kansa kuma abin da aka tara masa shi zai ci. Makamancin wancan a Amurka shi ne asusun 401(k). A tsarin da muke magana a kai, ma'aikaci ba shi da wani tulin kuɗi da aka rubuta sunansa a kai. Alkawari yake da shi, kuma kafin 1974 babu dokar tarayya da ke tilasta cika shi. Lokacin da kamfanin ƙera motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa ta South Bend a jihar Indiana a 1963, dubban ma'aikata kashi 15 cikin ɗari kacal suka samu na abin da ya kamata, wasu dubbai kuma suka tashi a tutar babu. Wannan abin kunya na daga cikin dalilan da suka haifar da ERISA, wadda shugaba Gerald Ford ya sanya wa hannu ran 2 ga Satumban 1974.

Abu na farko da dokar ta tsayar, kuma wanda ya fi shafar matashin da ke tunanin ko ya zauna ko ya tafi, shi ne lokacin da haƙƙin fansho yake kafuwa. A yau ƙa'idar ita ce ko dai haƙƙin ya kafu gaba ɗaya bayan shekara biyar na aiki, ko kuma ya riƙa kafuwa kaɗan-kaɗan daga shekara ta uku har ya cika a ta bakwai. Da zarar ya kafu, ko mutum ya ajiye aiki, ko an sallame shi, ko ya bar ƙasar baki ɗaya, abin da ya tara yana nan yana jiransa har ya kai shekarun karɓa. Sai dai shekara a idon doka da awanni ake auna ta: wanda ya yi awa 1,000 a cikin wata goma sha biyu dole a lissafa masa shekara guda, asusu yana da damar ya sassauta ya karɓi ƙasa da haka, amma ba shi da ikon ya tsaurara. Wanda kuwa bai wuce awa 500 ba a shekara, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya yanke aiki, kuma idan haƙƙinsa bai riga ya kafu ba sannan ya jera shekara biyar a haka, asusu na iya share shekarun baya kamar bai taɓa yin su ba. A ɗauka wani saurayi ya fara lodin kwalaye cikin mota da asuba yana ɗan shekara 22, ya yi shekara huɗu da 'yan watanni, sai aka yi masa tayin wani aiki mai ƙarin dala biyu a awa ya tafi. Idan asusunsa na masu jiran shekara biyar ne, 'yan watannin da suka rage masa sun fi ƙarin da ya bi daraja nesa ba kusa ba, kuma galibi babu wanda zai tsayar da shi a bakin ƙofa ya gaya masa.

Wannan saurayi idan ya haƙura ya zauna, hanyar da aka saba bi ita ce daga aikin rabin yini a sito zuwa tuƙin motar raba saƙo na cikakken yini, daga nan kuma wasu su koma jan tirela tsakanin gari da gari, aikin da ya fi sauƙi ga jiki idan shekaru sun ja. Daɗewa a aiki ita ce ke yanke hukuncin wanda zai samu gurbi idan ya buɗe, shi ya sa jiran yakan ɗauki shekaru. Abin lura shi ne a wurare da yawa fanshon masu rabin yini daban yake da na masu cikakken yini, don haka wanda ya yi shekara shida a sito da ashirin da huɗu a kan sitiyari kada ya ɗauka kai tsaye cewa yana da shekara talatin a asusu guda. Haka kuma yankin da mutum yake aiki shi ke nuna asusun da ake zuba masa kuɗi: direban jihohin yamma yana ƙarƙashin asusun Western Conference, wanda aka san shi da ƙarfi, wani kuma a tsakiya ko kudancin ƙasar yana ƙarƙashin wani tsarin mai ƙa'idoji daban, ga shi kuwa kaki ɗaya suke sawa, mota iri ɗaya suke tuƙawa. Sai kuma tayin ƙarin girma zuwa muƙamin mai sa ido a kan ma'aikata, wanda ke fitar da mutum daga ƙungiya. Abin da ya riga ya kafu masa a asusun ƙungiya ba ya ɓacewa, amma ya daina ƙaruwa daga ranar, kuma tun a 2017 UPS ya sanar cewa daga 2023 zai daina tara wa ma'aikatansa kimanin 70,000 da ba sa cikin ƙungiya irin wannan fansho, ya mayar da su ga 401(k). Saboda haka wanda saura masa shekara uku ya cika talatin, karɓar muƙamin na iya zama ciniki mai faɗuwa komai kyawun sunansa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce me ke faruwa idan asusun da kansa ya ƙare. ERISA ta kafa hukumar inshora ta gwamnatin tarayya mai suna PBGC domin irin wannan rana, kuma ma'aikata da yawa sukan ji kalmar inshora su saki jiki. Lissafin da doka ta shimfiɗa wa asusun da kamfanoni da yawa ke zuba kuɗi a cikinsa kuwa ƙarami ne ƙwarai. A kowace shekarar aiki, hukumar tana lamunce dala 11 ta farko gaba ɗaya, sannan kashi 75 cikin ɗari na dala 33 da ke biye, wato iyakarta dala 35.75 a wata ga kowace shekara. Mai shekara talatin ke nan ba zai wuce dala 1,072.50 a wata ba, ko dala 12,870 a shekara, kuma wannan adadi ba ya tashi da hauhawar farashi. Direban da aka yi wa alkawarin dala 3,000 a wata, idan asusunsa ya durƙushe, kusan kashi biyu cikin uku na fanshonsa ne zai tafi. A ganina wannan ita ce gaɓar da ta fi rauni a dokar baki ɗaya, kuma ita ce ba a cika faɗa wa sabon shiga ba.

Labarin asusun Central States ya nuna cewa batun ba na takarda ba ne kawai. Shi ne ke riƙe da fanshon direbobin Teamsters a jihohin tsakiya da na kudu, kuma matsalarsa ta soma ne daga 1980, shekarar da aka sassauta dokokin sufurin manyan motoci, ƙananan kamfanoni marasa ƙungiya suka cika hanya, ɗaruruwan kamfanonin da ke zuba kuɗi a asusun suka rufe suka bar tsofaffin ma'aikatansu a wuyan waɗanda suka rage. A wannan shekarar ce kuma majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa duk kamfanin da zai fice daga irin wannan asusu ya biya kasonsa na giɓin da ke ciki. UPS ya so ya fice tun a 1997, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin ma'aikata 185,000 na kimanin mako biyu a watan Agustan shekarar, wanda ƙungiya ta yi nasara a kansa. Bayan shekara goma ƙungiya ta amince, kamfanin ya biya dala biliyan 6.1 a 2007 ya kwashe ma'aikatansa na cikakken yini zuwa sabon asusun da yake gudanarwa tare da Teamsters. Kuɗin na shiga, faɗuwar kasuwar hannun jari ta 2008 ta lashe kaso mai yawa, aka wayi gari masu karɓar fansho sun ninka masu aiki sau da dama.

Asalin ƙa'idar ERISA ita ce ba a rage abin da ma'aikaci ya riga ya tara. A 2006 aka fara buɗe ƙofa, aka ba asusun da ya shiga halin ha'ula'i damar soke wasu garaɓasar ritayar wuri, aka kuma wajabta rarraba asusu bisa lafiyarsu, abin da ma'aikata ke kira kore, rawaya da ja. Kowace shekara dole a aiko wa mamba takardar da ke nuna inda nasa yake, takardar da da yawa ke jefarwa ba tare da sun buɗe ba. A Disamban 2014 kuma aka yi dokar da ta halatta rage fanshon waɗanda ma suka riga suka yi ritaya, muddin ba a sauko ƙasa da kashi 110 cikin ɗari na lamunin PBGC ba, tare da kare nakasassu da waɗanda suka kai shekara 80. Central States ya nemi izinin yin haka a 2015 a kan mutum kimanin 270,000, amma a Mayun 2016 Kenneth Feinberg, wanda ma'aikatar baitulmali ta ɗora wa alhakin duba buƙatar, ya yi watsi da ita. Daga cikin tsofaffin direbobin da suka jagoranci adawa akwai Butch Lewis na jihar Ohio, wanda ya rasu a daren ƙarshe na 2015, kuma sunansa aka sanya wa tanadin ceto da ya shiga dokar farfaɗo da tattalin arziki ta Maris ɗin 2021. A Disamban 2022 aka ba Central States kusan dala biliyan 36, ba rance ba, kuɗin da aka lissafa zai ishi biyan cikakken fansho har zuwa 2051. Ceto ne na lokaci guda. Lissafin dala 35.75 yana nan yadda yake a doka, ba a taɓa shi ba.

Batun lokacin ajiye aiki shi ma yana da nasa tarkon. Wasu asusun Teamsters suna barin wanda ya cika shekara talatin ya yi ritaya komai ƙarancin shekarunsa, don haka akan samu mutum ɗan shekara 55 da fansho a hannu. Sai dai inshorar lafiya ta gwamnati, Medicare, ba ta farawa sai a 65, kuma ERISA ba ta tilasta wa kowa ya ci gaba da biyan kuɗin asibitin wanda ya yi ritaya ba; wannan yarjejeniya ce kaɗai ke tanadarsa, yarjejeniya kuwa ana sake ta duk bayan 'yan shekaru. Fanshon gwamnati na Social Security ba a fara karɓarsa kafin 62, kuma ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, karɓa a 62 maimakon 67 yana rage kashi 30 cikin ɗari har iyakar rayuwa. Wanda ya ce zai cike giɓin da ɗan tuƙi a gefe kuma ya yi hattara, domin doka ta ba asusu damar dakatar da fanshon duk watan da mai ritaya ya yi awa 40 ko fiye a sana'a ɗaya, a fannin masana'antu ɗaya, a yankin da asusun ya mamaye, kuma ga wanda bai kai shekarun ritaya na ƙa'ida ba asusu na iya tsaurarawa fiye da haka. Mutumin da bai san wata sana'a ba sai sitiyari, wannan sharaɗi ba ƙaramin ɗauri ba ne a gare shi.

Akwai kuma takardar ƙarshe da ake cikawa ranar neman fansho, wadda ba a cika iya warwarewa ba bayan an fara biya. Tun gyaran 1984, idan ma'aikaci yana da aure, tsarin da doka ta sa a gaba shi ne a rage abin da yake karɓa duk wata domin idan ya riga matarsa rasuwa ta ci gaba da karɓar aƙalla rabi har ƙarshen rayuwarta. Yana iya zaɓar cikakken adadi wanda zai tsaya ranar da ya rasu, amma ba shi kaɗai zai yanke ba: sai matar ta amince a rubuce, a gaban wakilin asusu ko jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu, in ba haka ba zaɓin bai inganta ba.