Ma'anar "ƙaramin tauraron ɗan'adam"

Tun da ƙasashen ƙawancen Sahel na AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ƙulla yarjejeniya da Rasha a 2024 kan taurarin ɗan'adam, kalmar ta cika muhawarorin rediyo a Yamai. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu sharhi ke haɗa manya da ƙanana. Sai ka ji ana cewa in jami'ar Abdou Moumouni ta ƙera ƙarami guda, matsalar intanet a garin Tawa ta ƙare. Ba haka abin yake ba.

Wanda jami'o'i ke ƙerawa, wato CubeSat, ɗan akwati ne mai santimita 10 kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Malamai biyu a Amurka ne suka fito da tsarinsa a 1999 domin ɗalibai. Ƙasa-ƙasa yake shawagi, yana zagaye duniya cikin kusan minti 90, ya ratsa sararin Nijar cikin 'yan mintoci ya wuce. Mai kawo mana talabijin kuwa yana can nisan kilomita 36,000, nauyinsa dubban kilo, kuɗinsa ya fi ƙarfin kowace jami'a.

To mene ne amfanin ƙaramin? A duba jami'ar Surrey a Ingila. A 1981 aka harba tauraronsu na farko, UoSAT-1, aikin malamai da ɗalibai. A 1985 suka kafa kamfanin SSTL daga cikin jami'ar. Kamfanin nan ne ya ƙera wa Nijeriya NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, ya kuma horar da injiniyoyinta. Abin da ya fara a ɗakin gwaji ya zama kasuwanci, maƙwabciyarmu ta je da kuɗinta ta saya. A ganina nan ne darajar ƙaramin take: yaran da suka haɗa waya da hannunsu, suka gwada batiri da farantin hasken rana har suka san inda yake lalacewa.

Gana ta bi wannan hanya a 2017 da GhanaSat-1, Senegal a 2024 da Gaindesat-1A. Mu a nan muna da cibiyar AGRHYMET da ta daɗe tana karanta hotunan taurarin wasu don lura da damina da kiwo. Masu karatun hoto muna da su, masu ƙira ne ba mu horar ba tukuna.