Waiwaye: Ɓarakar da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta

A 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano furosesar Pentium, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar kamfanin Intel, na tafka kuskure a lissafin rabawa. Dole Intel ya sauya wa jama'a, ya yi asarar dala miliyan 475. Bayan wannan ne aka fara ƙera furosesa yadda za a iya aiko mata da gyara ba tare da an kwance ta ba.

Gyaran ya yi rana a Janairun 2018, lokacin da masu bincike daga Google da jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya suka tona wasu ɓaraka biyu a furosesa, Meltdown da Spectre. Gaggawa ce ta jawo. Don ta yi sauri, furosesa kan hasashi abin da za a nema ta fara yi tun ba a sa ta ba, kamar mai shayin da ya hango kwastomansa ya hau fasa ƙwai. In hasashen bai dace ba sai ta watsar, amma sawun aikin yana nan a ƙaramin ma'ajinta, mai wayo zai bi shi ya zaro kalmar sirri. Meltdown ya fi taɓa Intel, Spectre kuwa bai bar furosesar kamfanonin AMD da ARM ba. Daga baya ZombieLoad ya ɓullo a 2019, Downfall da Zenbleed a 2023.

Tunda aibin a ƙira yake, antibairos ba ya maganinsa. Sai dai toshiya ta hanyar sabunta Windows, burauza da BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta in an kunna ta), ita kuma takan rage gudu, musamman a tsofaffin na'urori.

To, mu a nan tsofaffin muke da su. Shagon da ke cike fom ɗin JAMB da buga takardar NIN a Ringim ko Bichi, laftof ɗinsa na hannu ne daga Beirut Road ta Kano, kuma sau da yawa mai gyara ya kashe sabuntawa tun ranar farko saboda data na tsada. Windows 7 ta daina samun gyara a Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025 ne. Wasu tsofaffin furosesa 'yan zamanin Core 2, Intel da kansa ya ce a 2018 ba zai gyara su ba.

Gaskiya ɓarawon intanet ya fi zuwa ta saƙon yaudara da manhajar sata, don sun fi sauƙi. Amma wanda ya kashe sabuntawa duk ƙofofin ya bari a buɗe, ga bayanan mutanen gari a ciki. Ko da sau ɗaya a wata ne, a sayi datar dare a bar na'urar ta sabunta. BIOS kuwa kada a taɓa sai batir ya cika, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, na'urar na iya ƙin tashi.